Ranar da Gwaggo Osite Ta Yanki Tikiti

Abu biyu ne Gwaggo Osite ba ta shiri da su a duniya: kofi tsararo da jirgin fanka. Ni kuwa shekara ashirin da shida ke nan ina tuƙa jirgin fanka, jirgin ruwan nan da ƙatuwar fanka ke turawa daga baya, ina yawo da baƙi cikin fadama, to kun ga matsayina a wurinta. Ƙanwar babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun da ya rasu ta mayar da zagina aikinta, don kada a ce na rasa mai tsawata mini. In mun haɗu a ƙofar coci ba ta amsa gaisuwa. Cewa take, "Nolan, har yanzu kana nan kana kurmantar da agwagi?"

Na taɓa tambayarta abin da jirgin ya yi mata. Ta ce, "Abin da ba shi da birki, ba ya ja da baya, ba ya jin magana, sai ihu. Na zauna da maƙwabci irin wannan shekara goma, ya ishe ni."

A Petit Chene aka haife ta, can ƙasan Luwiziyana inda fadama ke gamuwa da teku. Kada ku wahalar da kanku wajen neman garin, babu shi. Lokacin da take yarinya gida arba'in ne da coci da makaranta mai aji ɗaya, ga shanu, ga itatuwan lemo a bayan kowane gida. Tana da shekara goma sha tara ta auri Elphege Cheramie, mai ɗana wa gafiyar ruwa tarko. Shi ya kamo, ita ta feɗe. In sanyi ya shigo takan feɗe ɗari biyu a wuni ba ta huda fata ko ɗaya ba, har masu sayen fata in sun ga ɗaurinta ba sa kwancewa su duba. Da zuciyar Baba Elphege ta tsaya yana cikin kwale-kwalensa, ta shiga wurin ɓare ƙaguwa ta yi shekara talatin da ɗaya a tsaye, ta aurar da 'ya'ya mata uku da guminta. Har yau in ta kama maka kunne da yatsun nan nata sai ka yi kwana biyu kana ji.

Garin kuwa ruwa ne ya ci shi a hankali. Masu haƙar mai suka yanka magudanai a fadama, ruwan gishiri ya biyo su ya kashe ciyawa da itatuwa, kowace guguwa ta zo ta yagi rabonta. Mutane suka riƙa kwashe kaya suna hawowa bayan madatsar ruwa. Gwaggo ce ta ƙarshe, kuma ba ta taso ba sai da ruwa ya kashe mata wuta a murhu. Rayayyu suka tashi, aka bar matattu a kan ɗan tudun maƙabarta.

Ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar tsarkaka, kowa a nan zuwa yake ya wanke kabarin nasa, ya shafe shi da farar ƙasa, ya ajiye furanni. Da farko kwale-kwale ashirin ke tafiya Petit Chene a jere, da tukwanen shinkafa da miyar kuɓewa da jatan lande. Suka koma biyar. Shekara goma sha huɗu da suka wuce suka koma ɗaya. Gwaggo kaɗai ke tsayawa a bayan kwale-kwalenta da doguwar sandar tuƙi, awa uku zuwa, awa uku dawowa, don ta shafe kabarin uwarta Azema da na mijinta. Tun da aka binne uwar ba ta taɓa fashi ba, shekara sittin da ɗaya. Kuma babu sauran mai rai da ya san hanyar shiga wurin sai ita. Azema kakata ce. Rabona da kabarinta tun ina ɗan shekara goma sha bakwai, kuma ba ni da wata hujja.

A shekarar da nake ba ku labari, tana da tamanin da uku, ta zame a kicin cikin watan Agusta ta karye a kafaɗar dama. Likita ya sa mata ƙarfe. 'Ya'yanta suka yi ta bugo waya daga Texas suna kuka, mijin babbar ya zo ya ɗaure kwale-kwalen da sarƙa ya tafi da makullin. Ana saura kwana uku ranar kuma iskar arewa ta taso ta kore ruwa daga fadama, ya rage bai fi tafin hannu ba a kan laka. Ko da kafaɗarta ƙalau take, kwale-kwale ba zai wuce ba. Abu ɗaya ne zai wuce, kuma ni ke tuƙa shi. Na sani, ita ma ta sani. Na zauna ina jira ta roƙe ni, don shekara ashirin da shida ina shan zagi, na ce ko sau ɗaya ne in ji ta ce mini don Allah. Ba ta kira ba. Ni ma da shegen taurin kai irin na gidanmu ban kira ba, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Ranar ɗaya ga wata, ina duba mai a jirgin ƙarfe goma na safe, sai na ji muryar Darlene, matar mai kamfaninmu, wadda ke sayar da tikiti.

"Haba Mama Osite, ke da gidanku? Nolan fa ɗanki ne. Wuce kawai ki shiga."

Na ɗago kai. Ga Gwaggo a layi a bayan baƙi, da rigarta ta zuwa coci mai ruwan toka, da farin takalmin roba irin na masu kamun jatan lande. Bokitin farar ƙasa a gefen ƙafarta, buroshi a ciki, furanni ruwan ɗorawa a naɗe cikin jarida, sandar tuƙin nan tata mai tsawon mutum biyu da rabi a hannun hagu.

"Ban zo wurin ɗa ba," in ji ta. "Yawon buɗe ido na zo. Nawa ne?"

"Dala hamsin ne, amma tsofaffi muna rage musu..."

"Wa ya ce miki na tsufa? Yanko mini irin na kowa."

Ta biya, ta tako har bakin jirgi, ta miƙo mini tikitin kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Gwaggo, mene ne haka kuma?"

"Kai ne direban? To duba tikiti ka nuna mini wurin zama, bawan Allah."

"Sandar fa? Ba a shiga da irin wannan."

"Sandar tsohuwa ce, da ita nake dogarawa."

"Yanzu fa kika ce ba ki tsufa ba."

"Wannan da mai tikiti na yi, ba da kai ba."

Na karɓi sandar na kwantar da ita a gefen jirgi, ta leƙo gaba da baya. Baƙi huɗu ne ban da ita: wani dogon likitan haƙori daga Minnesota, Mista Halvorsen, da ƙatuwar kyamara a wuya, da matarsa Joyce, sai wasu 'yan mata biyu ma'aikatan asibiti daga Atlanta da suka zo fadama da fararen takalman kanti. Na raba musu marufin kunne. Gwaggo ta juya nata sama da ƙasa ta ce, "Ka ga sana'a, sai an toshe wa mutum kunne kafin a nuna masa abu." Ta zauna a kujerar baya, daidai ƙarƙashin tawa, inda takalmana suke kusa da kafaɗunta.

Na tada inji muka fita. Wurin tsayawa na farko gurbin wani ƙaton kada ne da muke kira Shugaba. Na kashe inji, na watsa farar alewa a ruwa, na yi ta kiransa da muryar da nake yi wa baƙi. Alewa tana ta yawo a kan ruwa, ko kumfa babu. Mista Halvorsen ya riƙe kyamara har hannunsa ya gaji.

"A takardarku kun ce tabbas za a ga kada," in ji shi.

"Yallaɓai, dabba ce, ba ma'aikacinmu ba ne. Mu ɗan ƙara jira."

Gwaggo ta ɗaga marufin kunne ɗaya. "Kada ba ya cin komai in sanyi ya shigo. Yana can cikin laka yana barci, ya fi mu hankali. Ko ɗan goye a nan ya san haka, direban ma ya sani."

Na tada inji muka ƙara gaba. Wurin tsayawa na biyu wani ƙaton itace ne da gishiri ya kashe, tsaye shi kaɗai fari fat a tsakiyar ruwa. Nan ne iyakar hanyarmu, daga nan muke juyawa gida. Nan kuma nake ba da labarin da ya fi kawo mini tukuici, wai a reshen nan 'yan fashin teku suka rataye ɗan'uwansu da ya saci zinariya, wai har yanzu in hazo ya sauka ana jin kukansa. Ni na ƙirƙiro shi da kaina, kuma na faɗe shi ya fi sau dubu babu wanda ya taɓa musa mini. Na kai daidai wurin igiya sai Gwaggo ta yi gyaran murya.

"Igiya kam an ɗaura a reshen nan," in ji ta. "Ta saniyarmu ce. Cerise sunanta, ja ce mai ƙaho ɗaya. Kukan da ake ji kuwa nata ne, in an makara ba a tatse ta ba."

'Yan matan nan suka tuntsire da dariya har ɗaya tana dukan cinyar ɗaya. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Joyce ba ta yi dariya ba, ta juyo gaba ɗaya tana kallon Gwaggo.

"Saniya, Mama? A cikin ruwan nan?"

"Ruwan nan makiyayar babana ce, 'yata. Ciyawa har gwiwa. Can inda farin tsuntsun nan yake tsaye, nan ne ƙofar shinge."

Kowa ya dubi tsuntsun. Daga nan har inda ido ya tsaya babu komai sai ruwa mai launin kofi da tsibi-tsibin ciyawa. Gwaggo ta zaro tikitinta daga hannun riga ta ɗaga shi saitin fuskata.

"A allonku na bakin hanya an rubuta za ku nuna wa baƙo ainihin fadama. Ni baƙuwa ce, na biya kuɗina. Zuwa yanzu ban ga komai ba sai ƙarya da alewa." Ta nuna kudu da haɓa. "Uwata tana can, tafiyar minti goma a wannan abin naka. Yau ranarta ce."

Ga roƙon da na yi watanni ina jira, kuma ko kusa da don Allah bai je ba. Na sauko da murya na koma Faransancinmu na gida don kada baƙi su ji.

"Gwaggo, babu direban da ke wuce itacen nan. Turakun shingen garin suna nan a tsaye ƙarƙashin ruwa, ba su ruɓe ba. In na hau ɗaya da gudu jirgin zai tsage ko ya kife da mu. Mutum shida ne a ciki."

"Turakun nan ni na riƙe wa babanka su yana bugawa," in ji ta, da Turanci kuma don kowa ya ji. "Na san inda kowane ɗaya yake. Kai ne ba ka sani ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi mini ciwo. Na gaya wa baƙi abin da ake ciki ban ɓoye musu haɗarin ba. 'Yan matan suka ce a je. Joyce ta ce a je. Mista Halvorsen ya dubi kyamararsa, ya dubi matarsa, ya ce tunda dai babu kada.

Gwaggo ta ciro buroshi daga bokiti ta riƙe shi ta wajen gashin. "Hanyar coci za mu bi. Keken shanu biyu na giftawa a kanta ba su gogi juna ba, wannan kwanon naka zai wuce. In na buga maka takalmin dama ka yi dama, in hagu ka yi hagu. Kada ka yi mini wayo."

Abin da baƙi ba su sani ba, a ruwa mara zurfi irin wannan ba a lallaɓawa. In ka rage gudu jirgi zama yake a laka. Dole ka saki wuta ya tashi sama-sama, kuma in abu ya ɓullo a gabanka ba birkin da za ka taka. Na yi alamar giciye, na taka mai, muka wuce itacen Cerise.

Ƙotar buroshi ta sauka a takalmina na dama. Na yi dama. Ta sake bugawa, na ƙara. Hagu, da ƙarfi, har na ji a ɗan yatsa. Ni ban ga komai a gabana ba sai ruwa iri ɗaya ko'ina, ina bin bugun tsohuwar da ba ta ma juyo ta dube ni ba. Can na saci kallon gefe, gabana ya faɗi. Ga kawunan turaku baƙi ƙirin suna wucewa ƙarƙashin ruwa, a jere, taku biyu daga jikin jirgi. Na dubi ɗaya gefen, ga wasu. A tsakiyarsu muke gudu, a kan titin garin da babu shi, kuma Gwaggo tana zaune a miƙe da furanninta a cinya. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in tsaya in gaya wa mutanen nan huɗu cewa wannan matar jinina ce.

Muka zagaya wani tsibin ciyawa, sai ga maƙabartar can gaba, kamar taku ɗari: giciyen ƙarfe a karkace da 'yan kaburburan bulo suna leƙowa daga ruwa. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ja yatsa a maƙogwaro, wai in kashe inji. Na girgiza kai. Duk direba ya san ba a kashe inji a kan laka da nisa haka. Ta juyo a karon farko ta dube ni, ta cire marufin kunnenta ta ajiye a ƙasa, tsohuwa 'yar tamanin da uku a gaban wannan ƙara. Na kashe. Jirgin ya ɗan sulala gaba, ya zauna.

"Ba za ka shigar wa uwata da wannan ihun ba," in ji ta. "Kakarka ce, mara kunya."

Ta miƙe, ta jawo sandar tuƙi, ta taka zuwa gaban jirgi kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Ta caka sandar a ruwa, ta ɗora hannun dama, ta danna. Kafaɗar ta ƙi. Na ga fuskarta ta yamutse, sandar ta zame saura kaɗan ta tafi da ita. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta zabura za ta tare ta, Gwaggo ta harare ta, ta koma ta zauna. Kowa ya sami wani wuri ya kalla. Ta tsaya haka tana numfashi, sannan ta miƙo sandar baya, ba ta dubi wanda take miƙa wa ba.

Na sauko daga kujerata na karɓa. Rabona da sandar tuƙi tun kafin in yi gemu, kuma wannan ba kwale-kwale ba ne, ƙaton jirgi ne da inji da mutum shida. Na caka, sandar ta nutse cikin laka har rabi. Na yi ta kokawa na zaro ta, na sake cakawa, jirgin ya juya hanci ya dubi inda muka fito.

"Kun ga ɗan Wilfred," in ji Gwaggo ga baƙi tana nuna ni. "Ubansa yana tuƙa buhu talatin na kawa, katantanwar teku, da hannu ɗaya yana cin burodi da ɗayan. Kai, laka kake nema ka dasa ta? Nemi hanya. Da ɓawon katantanwar ruwa aka shimfiɗa ta, tana nan. Matsa dama kaɗan. Saurara da hannunka."

Na matsa dama na sauke sandar a hankali. Laka, laka, sannan na ji ƙurus, wani tauri ya biyo itacen ya shigo mini tafin hannu. Hanyar coci ce, wadda babana ya taka da ƙafa zuwa makaranta.

"To. Ba da hannu ake turawa ba, da ƙugu. Jingina."

Na jingina, jirgin ya motsa kamar tafin hannu ɗaya. Mista Halvorsen ya ba matarsa kyamara, ya cire takalma ya naɗe wando. Gwaggo ta nuna masa inda zai sa ƙafa, ta ce in ya kauce taku ɗaya daga ɓawon sai dai matarsa ta koma Minnesota da kyamara kawai. Ya shiga ruwan sanyin nan har gwiwa ya sa kafaɗa a bayan jirgi. Shi yana turawa, ni ina neman ƙurus ina jingina, ita tana zagina, haka muka ci taku ɗarin nan babu ƙarar komai sai ta ruwa da numfashinmu.

Kaburbura bakwai ne a sama. Gwaggo ta ƙirga su da baki ta ce bara tara ne. Na Kaka Azema ya karkata gefe ɗaya, ruwa ya ci rabinsa, duk da iskar da ta kore shi. Na tallafe ta ta sauka a kan ɗan busasshen wurin da ya rage, wanda bai fi faɗin tabarma biyu ba. Ta goge gansakuka da tsumma, ta tsoma buroshi, ta fara shafawa da hannun hagu, a hankali, tana bin kowane layin bulo har bakin ruwa. Na ce ta kawo in taya ta, ta ce in riƙe bokiti in yi shiru. Tana yi tana magana da uwarta ƙasa-ƙasa da Faransanci, tana ba ta labarin kafaɗa, da sarƙar da aka ɗaura wa kwale-kwale, da wanda ya haihu da wanda ya mutu. Na ji ta ce, "Ga ɗan Wilfred na kawo miki. Ya yi ƙiba, amma shi ne." Na juya baya ina gyara bokitin da ba ya bukatar gyara, don hawaye ne suka zo mini.

Ta gama na uwarta ta yi na Baba Elphege, wanda murfinsa kawai ya rage a sama. Ta raba furanni biyu. Farar ƙasa ta yi saura, ta dubi sauran biyar ɗin ta ce ba su da kowa, kuma hannunta ya gaji. 'Yan matan Atlanta suka dubi fararen takalmansu, suka dubi juna, suka shiga lakar da su. Gwaggo ta zauna a bakin jirgi tana gaya musu sunan kowane mamaci da halinsa, wannan ungozoma ce, wancan ya iya goge amma ba ya amsa gaisuwa. Mista Halvorsen bai ɗauki hoto ko ɗaya ba sai da ya nemi izini, ta ce ya bari farar ƙasa ta bushe tukuna, kada ya kai wa mutanen garinsu hoton aiki rabi.

Da aka gama ta ce in ba ta sanda. Ta taka zuwa gefen kabarin mijinta, inda babu komai sai ruwa, ta saki sandar a tsaye. Ta nutse har ta kai tsayin ƙirjinta.

"Nan ne wurina," in ji ta. "Shekara talatin da takwas yana ajiye mini shi." Ta yi 'yar dariya. "Elphege, an riga ni shiga." Ta zaro sandar ta ba ni. "Ku binne ni a gari, bayan coci, inda 'ya'yana za su zo da mota. Na yarda. Amma waɗannan ba za su taso ba. Faɗa mini hanya."

"Wace hanya, Gwaggo?"

"Wadda ka shigo, sakarai. Daga nan zuwa itacen Cerise."

Sai a lokacin na gane abin da ta saya da dala hamsin ɗin nan. Na rufe ido na fara. Daga giciye a miƙe har tsibin ciyawa, a bar shi a dama. Hagu a tsohon wurin gidan su Naquin, inda turaku suka yi kwana. A miƙe tsakanin layi biyu. Dama sau biyu.

"Sau biyu in za ka shigo. In za ka fita hagu ne. So kake ka shiga ɗakin girkin malamar makaranta?"

Na maimaita daga farko. Ba ta ce daidai ne ba, ta dai hau jirgi ta zauna.

Na tura mu da sanda har inda muka tsaya ɗazu, sannan na hau kujerata. Da ƙyar na ɓamɓaro jirgin daga laka, sai da kowa ya yi ta jijjiga shi hagu da dama ina ba shi wuta. Da ya tashi na duba ƙasa ina jiran bugun farko. Buroshin yana cikin bokiti. Gwaggo ta sa marufin kunnenta, ta harɗe hannuwa a cinya, tana kallon gaba kamar kowane baƙo. Muka bar tsibin ciyawa a dama, na yi kwana a gidan su Naquin, turaku suka jeru gefe da gefe suna wucewa. Har muka fito gindin itacen Cerise ko sau ɗaya ba ta taɓa takalmina ba. An sha yaba mini tuƙi, an ba ni tukuici manya-manya, har a jarida an taɓa sa hotona, amma ban taɓa jin kaina ya kumbura irin na ranar ba.

Yawon awa ɗaya da rabi ya zama na awa uku. Maigidanmu, mijin Darlene, yana tsaye a bakin gaɓa yana huci, baƙin ƙarfe goma sha biyu a bayansa. Ya buɗe baki ke nan ya ga wadda nake tallafowa, da farar ƙasa har gwiwar hannu, sai ya cire hula ya ce sannu da zuwa Mama Osite. Ta ce masa direbansa maƙaryaci ne amma yana jin magana in an buga shi a ƙafa. Joyce ta rungume ta, Gwaggo ta jure. Ta ɗauki bokitinta ta nufi hanya da farin takalminta, ba ta ce mini na gode ba, ni ma ban sa rai ba.

Ina goge laka a kujeru sai na ga sandar a kwance a gefen jirgi. Na ɗaga ta na bi ta da sauri.

"Gwaggo, kin manta sandarki."

Ta tsaya, ta dubi sandar tun daga sama har ƙasa, inda hannunta ya cinye itacen ya yi santsi. Sannan ta dube ni.

"Ni baƙuwa ce," in ji ta. "Me baƙuwa za ta yi da sanda?"

Na koma na ɗaure ta a gefen jirgi da igiya biyu, tana nan har yau.